Na Je Kamaru Neman Irin Dogon Wuya

Tun ranar da na dawo daga Kamaru, 'yan majalisarmu ta ƙofar shagon tela a unguwar Gwallaga, nan cikin Bauchi, ba su bar ni na sarara ba. Wannan ya ce yaya ƙasar take, wancan ya ce da gaske ne burodinsu ya kai tsawon sanda, wani kuma kullum maganarsa ɗaya ce, wai ina tsarabarsa. Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in jawo zancen tsadar mai. Har an fara cewa na yi girman kai don na ƙetare iyaka sau ɗaya a rayuwata. Ba girman kai ba ne, jama'a. Labarin ne ba ya fita daga bakina, shi ya sa na ga gara in rubuta, kowa ya karanta, a ƙyale ni.

Sai na fara da Yaya Inuwa, don saboda shi na yi tafiyar. Shi ne babba a gidanmu, shi ya zauna a kan fadamar da Baba ya bar mana a gefen Zungur, ni kuma na shigo gari na yi koyarwa har na yi ritaya na buɗe 'yar tireda. Yaya yana da taurin kai irin na mutanen da. Bai taɓa zuba wa shinkafarsa takin zamani ba, bai taɓa feshin ciyawa ba. Kashin shanu, toka, da ɓuntun da yake kwasowa daga injin casa, shi ke nan. Ƙasar ta yi baƙi ƙirin, ga laushi a hannu. To amma damina biyu a jere ruwa ya sauko ya kwanta a gonar, shinkafar ta nutse ta ruɓe yana tsaye yana kallo. Maƙwabtan da ke noma irin nasa suka watse, 'ya'yansa maza suka shigo gari suna jan keke. Ana cikin haka wani mai tifofi ya fara zarya, yana so a sayar masa da wurin ya haƙi yashi.

Yaya ya ce da ni, "Garba, ba ƙasar ce ta gaza ba, iri ne. Da Dogon Wuya tana nan, da ruwan nan bai ci mu ba."

Dogon Wuya wata jar shinkafa ce da Baba ke nomawa muna yara. Idan ruwa ya taso, ita ma sai ta miƙe, kullum kanta a sama. Ba ta cika buhu kamar ta zamani, shi ya sa aka yi ta barinta har ta ɓace a wajenmu. Bara wani ya sayar wa Yaya iri a kasuwa da sunanta, ruwa na zuwa ta kwanta kamar kowace. Bana ya faɗa mini ƙarara, in bai samu ta gaske ya shuka ba, zai ba mai tifa wurin.

A nan Malama Rifkatu ta shigo zancen. Tsohuwar ɗalibata ce, 'yar wajen Bogoro, yanzu tana aikin bincike a kan noman shinkafa da ba a sa masa takin zamani. Abin da take aunawa shi ne juriya, wato idan masifa ta zo, yaya ƙasa take tashi, yaya kuma mutanen da ke kanta suke tashi. Na kai ta gonar Yaya, ta yi tone-tonenta, ta yi tambayoyinta, muna hanyar dawowa ta ce, "Malam, ƙasar Baba Inuwa tana da rai, na daɗe ban ga irinta ba. Amma shi kaɗai ne. Iri ɗaya, mutum ɗaya, ba gayya. Gona ba ta tsayawa a haka."

Ranar da ta koma yi masa bayani ta nuna masa hoto a wayarta, wani ƙauye a Kamaru inda za ta je ta yi irin wannan awon. Mutum a tsaye ruwa har ƙirjinsa, shinkafa kuma ta fi shi tsawo. Yaya ya kai wayar kusa da idonsa, ya daɗe, sannan ya ce, "Ita ce." Mutanen ƙauyen Fulatanci suke ji, ni kuwa na sha shi a nono, don Innarmu Bafulatana ce. Haka na zama tafinta. Malama ta ja mini kunne tun kafin mu tashi, ta ce, "Malam, a aikin nan ba ma roƙon komai. In sun ga muna neman wani abu, abin da muke so mu ji za su faɗa mana." Yaya shi ma ya ja ni gefe ya ce, "Ko mudu ɗaya ne, Garba." Ban gaya wa kowannensu abin da ɗayan ya ce ba.

Ruwan farko ya riga ya sauka lokacin da muka shiga motar Gombe. Wanda ya san hanyar Alkaleri ba ya bukatar bayani, wanda bai sani ba kuwa Allah ya bar shi da rashin saninsa. An matse ni tsakanin ƙofa da wani dattijo mai kwandon zabi a cinya, duk ramin da muka faɗa zabin su yi kuka, shi ya yi salati, ni in yi tsaki. Da muka saba sai ya ce mini zabin nan su ne ƙarshen abin da ya mallaka, gonarsa ruwa ya share ta, zai sayar ya bi ɗansa Jalingo. Wata mata a baya ta ce nasu ma haka, direba ya ce na mahaifinsa ma haka. Kafin Gombe motar ta zama kamar zaman makoki, kowa na ba kowa haƙuri.

Bayan Kaltungo masu shingen hanya suka sa aka sauke kaya. A jakar Malama akwai wasu guntayen bututun ƙarfe da take kafawa a ƙasa, da guduma, da wata na'ura mai waya. Wanda ya buɗe jakar ya ja da baya, ya kira na gaba da shi. Duk bayanin da ta yi bai shiga ba, sai da ta durƙusa a gefen titi cikin rana, ta kafa bututu, ta tsiyaya ruwan gorarta a ciki, suna kewaye da ita suna kallon ruwa yana shiga ƙasa. Ɗaya ya ce, "To, yanzu me aka yi ke nan?" Ta ce, "Ƙasar nan ta mutu." Ya ce a maida kayan mu tafi.

A gadar Numan na ga inda ruwan bara ya bar zane a jikin gidaje, sama da tagogi. Muka kwana a Yola gidan wani ɗan'uwan abokin aikinta, aka ba mu tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, na ci ban ji daɗinsa ba saboda bayana kamar an yi mini dukan tsiya.

Daga Yola zuwa bakin iyaka mota ta kai mu inda za ta iya, babur ya ƙarasa. A ɓangarenmu aka duba takardu ana hamma. Sai kogi, sai kwalekwale. Ni mutumin tudu ne, ban taɓa shiga ba, na riƙe gefen jirgin da hannu biyu ina karanto duk abin da ya zo bakina. A tsakiyar ruwa iska ta ɗauke hulata, sabuwa fil, wadda na saya musamman don kada a raina mutumin Bauchi a ƙasar waje. Mai fito ya bi ta da ido ya ce, "Ta riga ka isa." Haka na taka ƙasar Kamaru da kai tsirara, sanƙona yana sheƙi.

Jandarman da ya karɓe mu ya fara sara mini kafin ya nemi takarda, abin da ba a taɓa yi mini ba a gida, har na waiga in ga ko wani babba ne a bayana. Ya juya katin allurar shawara gaba da baya, ya kira ni Musye Garba. Ga shi baƙi kamar ni, sunan da ke ƙirjinsa irin na Musulmi, amma Faransanci yake zubawa. Da na yi masa Fulatanci sai fuskarsa ta sake, ya tambaye ni ina hulata.

Abokin aikin Malama, wani Musye Bello, ya tarye mu ya kai mu Garwa. Masaukin da ya kama mana ƙarami ne, fanka na juyi kamar ba ta so, sauro kuwa ba su san baƙo ba. Da aka ce za a kawo kuskus na gyara zama, sai ga tuwon masara, da miyar yakuwa da kifi. Miyar ta yi, ba zan ci amanarta ba. Da safe kuma aka ajiye mini burodin nan da kuke tambaya. E, ya kusa tsawon hannu, kuma ɓawonsa sai da ya fasa mini dadashi. Suna tsaga shi su cusa wake da ƙwai, babba da yaro su tsaya bakin titi suna gatsa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, masallaci ga shi, gidan giya ga shi, katanga ɗaya ta raba su, wannan na kiran salla wancan na kiɗa, ba mai kallon wani. Da rana tsaka kuwa ofis da kanti duk a rufe, wai an tafi cin abinci. Na ce da Musye Bello a kasuwarmu ta Wunti in ka rufe shago da azahar, kafin ka dawo maƙwabcinka ya gaje masu cinikinka. Na sayi wata hula a kasuwarsu, ta yi mini kaɗan, haka na yi ta yawo da ita a tsakar ka.

Ƙauyen yana can gefen kogi, ana kiransa Wuro Hammadu, da sunan jauronsu, wato mai garin. Jauro Hammadu dogo ne siriri, ya girme ni, maganarsa a hankali kamar mai gudun tada barci. Da ya ji uwata Bafulatana ce ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya ce, "Ashe ɗanmu ne ya dawo." Daga ranar nake kiransa Bappa, wato baffa. Ya sauke ni a ɗakin babban ɗansa. Takalman yaron suna nan a bakin ƙofa, rigarsa a rataye. Sai daga baya na ji ruwan bara ne ya tafi da shi, yana ƙoƙarin fito da shanu.

Sun riga mu shuka, don ruwa ya riga sauka a wajensu. Da Bappa ya kai mu gona na ga tsiron, na ga ragowar karan bara kwance a laka, dogaye kamar igiya. Ko ni da na bar gona tun ina saurayi na gane ta.

Aikin Malama kashi biyu ne. Da safe gona. Ta kafa bututu ta zuba ruwa, ta sa a haƙa rami a farfasa ƙasa a fito da tana, ta leƙa kududdufai tana neman kwaɗi da 'yan kifaye, ta tambayi sunan kowane tsuntsu. Tsofaffin ƙauyen suka ɗauke ta mai taɓin hankali a ranar farko, kafin mu taho kuwa har gasa suke wa zai samo mata tana mafi kauri. Da yamma kuma mutane. Maza a gindin tsamiya, mata a cikin gida, ni ina zaune bayan zana na juya musu baya ina fassara. Da ruwa ya zo, wa ya fara kawo ɗauki? Wa ya ci a gidan wa? Wa ya tafi bai dawo ba? Amsar ta ƙarshe ita ce mai tsawo. Samarin duk suna Garwa suna acaɓa. Gayyarsu, da suke kira surga, tana nan, amma masu furfura ne ke yinta. Wata rana muna komawa masauki Malama ta ce, "Malam, sun fi mu, amma su ma saura ƙiris."

Akwai tambayar da ta yi wa matan, ta ce wanda ruwa ya cinye masa iri, ina yake samu? Dada Asta, matar Bappa, ta yi dariya ta ce, "Ya je ƙofar rumbun maƙwabcinsa ya ce a ba shi mana. Iri ai ba abin kunya ba ne." Da bakina na juya wannan magana zuwa Hausa, Malama ta ji daɗinta ƙwarai. Ni kuwa na ce a raina wannan tsakaninsu ne. Ni baƙo ne, ina kwana a ɗakin mamacinsu, abincinsu na cikina. Ga kunnen da Malama ta ja mini. Ga kuma Innarmu, Allah ya jiƙanta, wadda ta rene mu a kan cewa ɗan mutunci ba ya buɗe baki ya ce ba ni a gidan da aka sauke shi. A gidanmu in kana son abu, yaba shi kake yi, mai shi in ɗan halak ne ya gane. An kira ni ɗan gida, ina so in nuna Fulatancina bai tsaya a baki ba.

Saboda haka na shiga yabo. Ranar da aka dafa mana Dogon Wuya, aka ajiye akushi a ɗaki aka ja ƙofa, don su ba sa kallon baƙo yana ci. Ladabi shi ne ka rage. Ni na share akushin tas, har na suɗe, da gangan, don a san ta kai mini. Washegari ma haka. Da yamma muna zaune da Bappa a kan tabarma na ce, "Bappa, shinkafar nan taku rabona da ita tun mahaifinmu na da rai."

Ya ce, "Allah ya jiƙansa."

Na ce, "Ina da wa, tsoho, ba shi da zance sai nata. Ya ce in ya sake ganinta a hannunsa, ko ya mutu ba shi da kaico."

Bappa ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Allah ya nuna masa." Na ji sanyi a raina. Na ce magana ta isa inda aka aike ta.

Kwanakin da suka rage gidan bai zauna ba. Hayaƙi na tashi daga bayan ɗakuna, ga manyan tukwane, ga ƙarar turmi tun hantsi. Na tambayi Musye Bello, ya ce wataƙila suna ne za a yi. Ni hankalina na kan fassara, ban bi ta kai ba.

Ranar tafiya, bayan an yi addu'a, sai ga buhu an ɗaure a bayan babur ɗin da zai ɗauke ni. An saka shi cikin wani buhun, an naɗe da leda mai kauri saboda ruwa, an ɗinke, an bi da igiya. Bappa ya ce, "Ka kai wa wanka, ka ce ina gaishe shi." Ku da kanku kun sani, ba a kwance kyauta a gaban wanda ya ba da ita. Na durƙusa, hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Malama ta kalle ni, na ce, "Ban roƙa ba, Malama." Ta ce, "Na gani."

Wahalar da na sha da buhun nan, Allah kaɗai ya sani. A kwalekwale na manta da tsoron ruwa, na rungume shi a ƙirji. Nauyinsa ya so ya karya ni, ina ta murna wai iri mai nauyi shi ne mai kyau. A bakin iyaka wani jami'i ya zaro ƙarfen nan mai tsini da ake soka wa buhu, na riƙe hannunsa ina magiya, na ce tsarabar tsoho ce, kada a huda ruwa ya shiga. Ina tsoron in ya ga iri ne ya nemi takardar da ba ni da ita. Ya ga furfurata, ya maida ƙarfensa. Na yi ta sa masa albarka har muka yi nisa.

Daga Yola na kira Yaya na ce, "Na samo. Ba mudu ba, buhu." Ban taɓa jin muryarsa ta yi haka ba. Ya ce in maimaita, na maimaita.

Ban ko kwana a Gwallaga ba, na ɗauki shatar keke zuwa Zungur. Abin da na tarar ya fi ƙarfin abin da na zata. Yaya ya aika wa mai tifa cewa ya fasa. Ya bi maƙwabtan da suka watse gida-gida, ya ce kowa zai samu rabonsa na iri. Ga su nan a bakin fadama da fartanya da garma, gayyar da aka yi shekaru ba a gani ba. Har 'ya'yansa biyu sun ajiye keke sun zo. An baza taki, an gyara kunyoyi, mata sun ɗora tukunya a gindin mangwaro. Aka yi ta yi mini sannu da zuwa kamar na dawo daga Makka.

Yaya ya shimfiɗa tabarma, ya yi bisimilla, ya sa wuƙa ya yanke igiya. Ya warware leda, ya farke ɗinki na farko, ya farke na biyu, ya tura hannu. Ina kallon fuskarsa. Hannun ya daɗe a ciki kafin ya fito.

Shinkafa ce ja, tsaf, tana sheƙi, ba ɓuntu ko ɗaya, ba tsakuwa. An turara ta, an shanya, an cashe, an bakace. Ga waɗanda ba su taɓa noma ba, iri sai shanshera, wadda ke cikin rigarta ba ta ga wuta ba. Wadda aka turara, ko a Aljanna ka shuka ta ba za ta tsiro ba.

Wani dattijo ya matso ya ɗebi kaɗan, ya duba, ya mayar a hankali. Na rasa inda zan sa kaina. Na ja gefe, na kira lambar da Bappa ya ba ni. Aka kai masa wayar. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi Yaya. A karo na farko na buɗe baki na faɗi abin da ya kai ni ƙasarsu. Na ce, "Bappa, iri nake nema. Na shukawa. Gonar wana ce za ta tafi."

Sannan ya ce, "Garba, me ya hana ka faɗa?"

Na ce, "Kunya, Bappa."

Ya ce, "Ta ci ta ƙare mana tun kwana biyun da aka dafa muku. Abin da ya rage a rumbu ragowar iri ne, wanda muka ajiye ko wani zai rasa. Da ka ce tsoho na marmarinta, Dadarka ta ce ba za a aika wa dattijo aiki ba. Shi muka sauke duka. Ita da kanta ta zauna ta tsince, wai kada ya fasa haƙori." Na ji yana jan numfashi. "Ka kwana a ɗakin ɗana, Garba. Ɗa ai tambaya yake yi."

Na ce ko akwai a wajen maƙwabta. Ya ce bayan ruwan bara kowa ya zuba nasa a ƙasa, nasa ne kaɗai ya yi saura. In Allah ya kai mu kaka, ya kuma bar musu gonar, in zo in ɗauki iya abin da zan iya.

Na dawo na faɗa wa Yaya a gaban kowa, don ba abin da ya rage na ɓoyewa. Na roƙe shi ya jira shekara ɗaya. Ya dubi kunyoyin, ya dubi 'ya'yansa da suka riga suka fara kakkaɓe ƙafa, ya ce, "Da me zan jira, Garba?" Bai yi mini faɗa ba. Wallahi da ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Ya juya wajen matarsa ya ce, "Mutane sun yi aiki. A dafa musu."

Aka dafa. Muka zauna a bakin gonar da aka gyara, aka ci da mai da yaji, ba mai ɗaga kai. Yaya ya kai loma ta farko, ya tauna a hankali, ya rufe ido. Ya ce, "Ita ce. Haka take." Ya cinye kwanonsa, ya miƙa aka ƙara masa. Da ya wanke hannu ya ce in ara masa wayata, tasa ba kuɗi.

Ranar Asabar tifar farko ta shiga fadamar.